Wai ina littafin Hausa da ya ba da labarin masu haƙar ma'adinai?

Ɗan Runjin Sambo ya rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah tambaya gare ni kuma da gaske nake, ba gardama nake nema ba. Ina ajin ƙarshe a jami'a, aikin kammala karatu da malamina ya amince min shi ne yadda marubuta ke nuna talauci da wahalar leburori a garuruwan da ake haƙar ma'adinai. Na waje kam ba su yi wuyar samu ba, na karanta Germinal na Emile Zola a fassarar Turanci, na karanta The Road to Wigan Pier na George Orwell, ga kuma Mine Boy na Peter Abrahams wanda dama tun sakandare muka san shi. To matsalar ita ce malam ya ce lallai sai na sa babi guda a kan adabin Hausa, na shiga laburare na fita, na zaga masu sayar da littattafai a tsohuwar kasuwa, na yi cigiya a guruf ɗin marubuta na WhatsApp har wasu sun fara jin haushina, amma har yau ban riƙe ƙagaggen labari ɗaya da aka gina shi kacokan a kan mai haƙo ba.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne mu fa ba baƙin rami ba ne. Kuza a Jos, kwal a Inugu, zinare nan kusa a Anka da Bukkuyum da Maru, dutsen siminti ga shi a Kalambaina kullum muna ganin tifofi, in ka tsallaka iyaka ga yuraniyom a Arlit inda Hausawa suka cika. To ina labarin mutanen nan ya shiga?

Tambaya biyu ke nan. Wanda ya san littafi ko waƙa ko wasan kwaikwayo na Hausa a kan wannan ya taimaka min. Na biyu, waɗannan na Turawan, gaskiya suka faɗa ko dai gishiri suka zuba don a tausaya a sayi littafi? Don wani wurin a Germinal sai da na ajiye wayar na ce anya kuwa.

Tsohon Malami, Ƙofar Atiku:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi albarka shi ba da sa'ar aiki. Bari in fara da tambayarka ta biyu don ita na fi ƙarfi a kai.

Zola bai zauna a Paris ya ƙirƙiro abin nan da ka ba. A 1884 an yi wani babban yajin aiki a mahaƙar kwal ta Anzin a arewacin Faransa, ya tashi ya je can, ya shiga gidajen leburorin, ya saurari taronsu, ya sauka cikin ramin da kansa, sannan littafin ya fito a 1885. Gishirin da za ka ce ya zuba shi ne ya kwaso bala'o'in da suka auka wa gidaje da yawa ya jibga wa gida ɗaya, gidan Maheu, wanda ya mutu da yunwa, wanda harsashi ya kashe, wanda ramin ya ci. Shi ne ya sa ka ce anya. Amma kowane ɗaya daga ciki ya faru ga wani. Shekara 21 bayan fitowar littafin, a 1906, mahaƙar Courrières a wannan yankin dai ta fashe ta kashe mutum 1,099, wanda ko Zola bai kai ga rubuta irin wannan ba.

Sai dai ina so ka lura da wani abu da ɗalibai ke tsallakewa saboda suna sauri su kai wurin da sojoji suka buɗe wuta. Ƙarfin littafin nan a lissafi yake. Ba albashin wata ake biyan leburorin ba, da baro ake biya, kowane baron kwal da kuɗinsa, in an ga duwatsu sun yi yawa a ciki a ƙi lissafa shi gaba ɗaya. Kuma su ne za su tokare rufin ramin da katako don kar ya rufto, lokacin da suka ɓata wurin tokarar ba baro ke fita ba, to mai iyali sai ya riƙa yin tokarar sama-sama don ya samu na abinci, in injiniya ya zo ya gani a ci shi tara. Sai kamfani ya ce to shi ke nan, daga yau za a biya tokara daban amma an rage kuɗin baro, a takarda kamar ba abin da ya canza, a aljihu kuwa an yanke su. Wannan ne ya ta da yajin aikin, ba wani jawabin siyasa ba. Ka ƙara da cewa gidan da suke ciki na kamfani ne, mai kantin da ke ba su bashi kamfani ke tsaya masa, kuma mutumin banza ne da ke karɓar biyan bashi da mutuncin matan mutane da 'ya'yansu. To ka ga wanda ya shiga yaji ba kuɗin aiki kawai ya rasa ba.

Shi ma Orwell, nasa ba ƙagaggen labari ba ne, rahoto ne, ya je arewacin Ingila a farkon 1936 littafin ya fito 1937, amma irin wannan idon gare shi. Ya lura cewa bayan an sauke mutum ƙasan rami sai ya yi tafiyar mil guda ko fiye a duƙe kafin ya kai inda zai fara sara, ya dawo haka, kuma wannan tafiyar ba a biyanta. Ya karɓi takardun albashinsu ya zauna ya lissafa abin da ake cirewa, har kuɗin hayar fitila.

Wani abin da nake yaba wa Zola, kuma nake ganin marubutanmu da yawa sun kasa, bai mai da masu kuɗin dodanni ba. Akwai wani gida a littafin da ke cin ribar hannun jari a mahaƙar, mutanen kirki ne a ganin kansu, suna son 'yarsu, suna ba talakawa tsofaffin tufafi, amma ba sa ba da kuɗi don sun yi imani giya za a sha da su. Mu kuwa in za mu rubuta mai kuɗi sai mun sa shi yana tsafi ko yana dariyar mugunta, sai mai karatu ya ce ai ni ba haka nake ba, ya wuce abinsa. Kuma ka duba uwar gidan Maheu, wadda a tsakiyar yaji ta rantse za ta shaƙe duk ɗanta da ya koma rami, a ƙarshe ita da kanta ta koma don akwai sauran bakunan ciyarwa.

Na Hausa kuwa ni ma ban ci karo da shi ba a shekarun da na yi ina koyarwa. Ka leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu nan cikin gari, in da hali ka je gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna ka nemi fayilolin lardin Sakkwato na lokacin yaƙin duniya na biyu.

Mai Shago Shagon Goro:

Allah gafarta Malam ka yi bayani, amma ni bari in faɗi ta kasuwa. Wa zai saya? Tun da adabin kasuwar Kano ya tashi a shekarun 1980 masu sayen littafin Hausa yawanci mata ne da 'yan mata, soyayya da kishiya da uwar miji su ke tafiya, yanzu ma da abin ya koma waya ana biyan 'yan ɗari-ɗari a shiga guruf labarin bai canza ba sai dai an ƙara masa jirgin sama da Dubai. Mutum ya wuni cikin talauci kuma da dare ka ce ya sa data ya karanta talaucin wani, haba.

Sannan Zola ya je Anzin ya dawo gida lafiya. Wane marubuci ne yau zai ɗauki biro ya shiga dajin Anka ko Maru wai bincike? Gwamnatin tarayya da kanta ta hana haƙo a Zamfara a Afrilun 2019 saboda 'yan bindiga, sai Disambar 2024 aka ɗage. Kuma in ka rubuta gaskiya dole ka taɓo masu ramukan na ainihi, su kuwa ba a daji suke kwana ba. Ƙanena ka rubuta wa malaminka cewa babu, ka kawo dalilai, ka karɓi makinka.

'Yar Anka a Mabera:

Mai Shago kar ka ɗora wa mata laifi don Allah, kullum in abu ya gagara sai a ce ai mata ne ba sa karantawa. Wa ya gaya maka labarin haƙo ba labarin gida ba ne? Ni a Anka aka haife ni aure ya kawo ni Sakkwato, kuma abin da ya faru a 2010 ba a cikin rami ya faru ba, a tsakar gida ya faru.

Maza su haƙo dutsen su cika buhu su kawo gida don tsoron ɓarayi, a kai wa mai injin niƙa, irin injin da ake niƙa gero da shi fa, wani kuma mata ke dakawa a turmi a tsakar gida a ba su ɗan abin sayen magi, ga shi dutsen cike da dalma ba wanda ya sani. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi tabarma, ta bi kwanon fura, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Sai yara suka fara amai da jijjiga, a ce shawara ce, a ce iska ce, a ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, a yi rubutu a yi turare, kafin kwana biyu an kai yaro. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura abin ya wuce misali aka ɗebi jini aka auna. Yara fiye da 400 suka rasu, Dareta, Yargalma, Abare, Bagega da sauransu, kuma waɗanda suka rayu da yawa abin ya taɓa musu ƙwaƙwalwa ko ido. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa kafin a fara ba yara magani, don in ka ba yaro magani ya koma cikin ƙurar aikin banza ne, Bagega ma sai 2013 aka samu kuɗin yin nata.

Abin da ya fi ci min rai, kuma shi nake so wani ya rubuta, a wasu garuruwan da farko mutane ɓoye mutuwar suka riƙa yi don kar hukuma ta ji ta hana haƙo. Wanda ke zaune a birni zai ce wane irin uba ne wannan. Amma ɗan'uwa kai da ka karanta Mine Boy ka tuna mutumin nan da Xuma, jarumin littafin, ya kama yana tofar da jini yana roƙon kar a faɗa wa Bature, saboda bashi ake binsa a gida kuma ya lissafa in ya mutu a bakin aiki iyalinsa za su samu kuɗin biya. Littafin 1946 ne, labarin a Johannesburg ya faru, amma wlh da na karanta wurin nan fuskokin mutanen garinmu nake gani. Ba rashin son ɗa ba ne, gonar gero ba ta kai su watan bakwai, dutsen nan shi ya fara sa musu kwano a rufin ɗaki.

Kuma ka nemi D. H. Lawrence, shi ɗan mai haƙar kwal ne a Eastwood, ba baƙo ya zo kallo ba. Yana da wani gajeren labari, mata na zaune da yara abinci na hucewa miji bai dawo ba, tana ta ƙunar rai don ta ɗauka ya biya gidan giya kamar yadda ya saba, ashe rami ya rufe da shi, aka kawo gawa ita da uwarsa suka yi masa wanka. Labarin kaf bai shiga rami ba, daga ɗaki aka ba da shi. To wannan wace marubuciyar Hausa ce ba za ta iya ba? Ga kishiya ga uwar miji ga duk abin da Mai Shago ya ce ana saye, kawai a sa buhun dutse a bayan ƙofa. Tun 2016 BBC Hausa ke yin gasar Hikayata ta mata zalla kuma an ga matan nan na iya rubuta abu mai nauyi in an buɗe musu fili.

Jikan Mai Kwano:

Anti Allah shi jiƙan yaran ga, shi ba iyaye haƙuri. Ɗan Runji, labarin da kaka nema akwai shi, ba a takarda dai ya ke ba, bakin tsohhi ya ke kuma tsohhin sun kusa ƙarewa.

Kakana na cikin waɗanda anka kwasa zamanin ɗiban gwamna. Da Japan ta kame Malaya a 1942 Ingila ta rasa inda taka samun kuza, sai ta juyo kan Jos, anka aza ma kowace En'e, wato hukumar gargajiya, adadin mutanen da za ta kawo, En'e ta aza ma hakimi, hakimi ya aza ma maigari, shi ko maigari ɗan wa kaka tsammani za shi badawa, ai ba nashi ba kuma ba na mai hali ba. Sunka taka a ƙasa har Gusau sannan anka zuba su jirgi. Shina ba mu labari muna yara, ba aikin ne ma yaf fi faɗi ba, sanyi ne. Mutumin Sakkwato da riga ɗaya ka kai shi Bukuru ko Barikin Ladi cikin ɗari, ka sa shi cikin ruwa da laka da kwano bisa kai tun asuba, heluma na tsaye da sanda, abinci bai isa ba, ɗakin ciyawa na zuba. Ya ce da sahe sai a taɓa na kusa da kai a ji ya sandare. Har ya rasu in an yi hazo ba ya hita, kuma tsakiyar kanshi ba gashi inda gammo ya ci. Sai 1944 anka daina ɗiban. Mutane dubbai anka kwasa daga lardunan arewa, da yawa ba su komo ba, wasu sun gudu ta daji.

Ni ga abin da nika gani a kan dalilin rashin littahi. Can Wales da arewacin Ingila gari guda ne ke rayuwa bisa rami, kaka da uba da jika, suna da ƙungiyar ƙwadago, suna cire kwabo-kwabo daga albashi su gina ɗakin karatu, to dole wata rana ɗan lebura ya tashi ya rubuta. Ko Inugu ka diba, da 'yan sanda sunka harbe leburorin kwal 21 a Iva Valley ran 18 ga Nuwamba 1949, akwai ƙungiya akwai jaridu akwai 'yan siyasa, abin ya zama makamin neman 'yanci kuma har yau ana tunawa. Namu ko cin rani ne, mutum ya tai don ya samo kuɗin haraji ko an kai shi dole, in damina ta hwaɗi ya komo gona, ba boko gare shi ba, kowa ya watse ƙauyensu da nashi guntun labarin. Waɗanda sunka zauna bariki kuma gida ana yi musu kallon sun lalace, wa za shi tsaya rubuta tarihin ɗan bariki.

Ka bi ta waƙa. Ɗan Maraya a Bukuru anka haihe shi, cikin garin kuza, kuma shi ne ya ɗauki kuntigi ya yi ma karen mota waƙa lokacin da makaɗa ke bin sarakuna da attajirai. Ko ba ka samu ta kuza kai tsaye ba, wagga hanya ta waƙar ƙaramin ma'aikaci ita ta kusa da abin da malaminka ka so.

Direban Tifa, Kwannawa:

Na karanta duka kuma ban yi jami'a ba amma na yi rami kafin daji ya lalace in koma tuƙi, to bari in sa baki. Ku masu karatu kun fi son mu a cikin tausayi. Duk abin da kuka lissafa gaskiya ne, na ga rami ya rufta da mutane muna tono da hannu, na ga yara na shan ƙwaya don su iya wuni a ƙasa, amma in wahala kawai ce wa zai zauna? Ba wanda ya ɗaure mu.

Na Turawan nan da Malam ya bayyana albashi suke ci, sun san iyakar abin da za su samu har su mutu, shi ya sa fushinsu ke tafiya kan kamfani. Mu ba haka ba ne. Ubangida ne zai ɗauki nauyin rami, shi ke ba da abinci da man injin jan ruwa da igiya da batirin tocila, kai kuma ka ɗaura tocilar a goshi da roba ka sauka kana taka ƙananan ramukan da aka sassaƙa a bango, ƙasa zafi ba iska, kana sara kana cika buhu ana ja. In an wanke an samu, ya fara cire duk abin da ya kashe tukuna, kuma littafin lissafin a hannunsa yake shi kaɗai, sannan a raba saura. Sai ku yi wata da watanni ba ku ga komai ba bashi na hawa. Amma ramin da ke kusa da naku jiya sun dace, yaron da kuka zo tare a bayan mota ɗaya yau ya sayi sabon babur ya aika gida a nema masa aure, to ka gaya min ta yaya za ka tafi gida? Gobe taka ce. Wannan goben ita ke riƙe mutum ba sandar heluma ba, kuma yajin aiki wa za ka yi wa, kowa na ganin kansa attajirin da bai dace ba tukuna.

Kuma akwai daɗi a wurin, kar a ɓoye. Da dare kasuwa ce sosai, mai shayi, mai tsire, mai cajin waya, ana kallon ƙwallo da janareto, Bazamfare da Bakabe da mutumin Nijar da na Burkina kwano ɗaya, raha kamar ba gobe za a sauka ba. Duk wanda ya rubuta mu muna kuka daga shafin farko zuwa na ƙarshe bai zo wurin ba.

Ɗan Runjin Sambo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Malam zan je Waziri Junaidu cikin satin nan in sha Allah. Anti maganarki ta canza min tsarin babin gaba ɗaya. Yaya Direba abin da ka faɗa ya tuna min da How Green Was My Valley na 1939, labarin masu haƙar kwal a Wales, wanda duniya ta ɗauka ɗan cikin gida ne ya rubuta, sai bayan rasuwar marubucin, Richard Llewellyn, aka gano a Landan aka haife shi, labarin daga hira da iyalan masu haƙo ya tattaro shi. Ni ma ɗin ban taɓa leƙa rami ba, don haka in ba damuwa ina so in zo in zauna da kai da duk wanda ka sani ya yi aikin, ba zan sa sunan kowa ba.

Direban Tifa, Kwannawa:

Ba damuwa ƙanena, ka turo min saƙo ta ciki. Bayan la'asar muke dawowa daga lodin ƙarshe, akwai mutum biyu a garejin da suka fi ni daɗewa a rami, ɗaya har Djado ta Nijar ya je lokacin da zinare ya fashe can a 2014. Amma ranar farko kar ka fito da waya kana ɗaukar murya, za su ɗauka hukuma ce ta turo ka su yi gum. Kuma shayi kai za ka saya.